Gubar fumfuna da bangon mafitsara: yadda okratoksin ke illata DNA

A tsakiyar shekarun 1990, wasu masu binciken guba a birnin Dortmund na ƙasar Jamus sun riƙa karɓo mafitsarar alade daga mayanka, su kankare siririn tantanin da ya lulluɓe cikinta, su raini ƙwayoyinsa a faranti, sannan su ɗiga musu wata guba da fumfuna ke zubarwa a cikin hatsi. Sunan gubar okratoksin A. An daɗe da sanin tana cin ƙoda. Abin da suke son ganowa shi ne ko tana taɓa DNA, wato kundin gadon da ke cikin ƙwayoyin da fitsari yake kwanciya a kansu dare da rana. Sun samu cewa tana taɓawa. Ta wace hanya take taɓawa kuwa, a nan ne masana suka rabu, kuma yau kusan shekara talatin ke nan ba su gama haɗuwa ba. Wannan saɓani nasu ya shafi duk mai ajiye hatsi a rumbu ko a buhu, domin a kansa ne ake yanke hukuncin ko akwai ɗan adadin gubar da jiki zai iya ɗauka lafiya.

A Afirka ta Kudu aka fara tantance ta, a shekarar 1965, daga wata fumfuna mai suna Aspergillus ochraceus, daga nan ta samo suna. A ƙasashe masu sanyi, Penicillium verrucosum ce ke fitar da ita a alkama da sha'ir da aka adana da laima. A wurare masu zafi dangin Aspergillus ne ke wannan aiki, a masara da dawa da shinkafa da gahawa da zabibi da kayan yaji. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, kuma tafasa ba ta kashe ta. Ko fumfunar ta mutu, ko an wanke hatsin an surfe shi har ya yi kyan gani, wani kaso na gubar yana nan a cikin ƙwayar.

Siffarta ce mafarin sharrinta. Rabin jikinta sinadarin fenilalanin ne, ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina furotin da su, ɗaya rabin kuma wani zobe ne mai ɗauke da kulorin. Saboda haka jiki yana karɓarta kamar ɗan gida. Idan ta ratsa hanji ta shiga jini, sama da kashi 99 cikin 100 na abin da ya shiga yana manne wa albumin, furotin ɗin da ya fi yawa a jini, kuma abin da ya manne wa albumin ba ya bin matatar ƙoda ya fita cikin sauƙi. An auna cewa a jikin ɗan Adam sai an yi kimanin kwana 35 kafin rabin abin da aka ci ya bar jini. Ka ci tuwon gurɓataccen hatsi a farkon wata, wata ya ƙare rabin gubar ma bai gama fita ba, ga shi kuma kullum ana ƙara wata a kai. Shanu da tumaki sun fi mu sa'a, domin ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu suna datse fenilalanin ɗin su bar abin da ba shi da ƙarfin guba sosai. Mutum da alade da kaza ba su da wannan gata, shi ya sa aka fara ganin ɓarnarta ƙuru-ƙuru a ƙodar aladun Denmak.

Ƙoda tana da wasu ƙofofi a jikin ƙwayoyinta, masu suna OAT, waɗanda aikinsu janyo datti daga jini su tura shi cikin fitsari. Ta nan okratoksin ke shiga. Wani kaso ya taru a ƙwayoyin ƙodar, wani ya faɗa fitsari, daga cikin wanda ya faɗa ma a sake tsotse wani ya koma jini. Ɗan abin da ya tsira shi ke gangarawa zuwa mafitsara. Tantanin da ya shimfiɗu daga kwarmin ƙoda, ya bi bututun fitsari, ya lulluɓe mafitsara, iri ɗaya ne tun daga sama har ƙasa. A samansa akwai manyan ƙwayoyi masu faɗi kamar laima, waɗanda suka rufe na ƙasa ruf don kada fitsari ya koma jiki. Ginin yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai mafitsara ma'ajiya ce. Duk abin da ƙoda ta zubo, nan zai zauna awa da awanni yana gogar bango. Tun 1895 wani likitan tiyata a Frankfurt, Ludwig Rehn, ya lura cewa ma'aikatan masana'antar rini suna yawan kamuwa da sankarar mafitsara, kuma daga baya aka gane sinadaran da suke shaƙa ne ke ƙarewa a fitsarinsu. Hayaƙin taba ma ta wannan hanya yake yin ɓarnarsa. Don haka tambayar mutanen Dortmund tana da tushe.

A cikin ƙwayar jikin ɗan Adam akwai zaren DNA da idan aka warware shi zai kai kusan mita biyu, an naɗe shi a ƙunshi 46 da ake kira kromosom. Rubutu ne da haruffa huɗu, A da T da G da C, zare biyu a murɗe suna fuskantar juna, A kullum da T, G kullum da C. Abin da masu binciken suka fara gani, a rahotonsu na 1995, shi ne ƙaruwar musayar gutsattsari tsakanin tagwayen zaren kromosom a ƙwayoyin mafitsarar alade. Ƙwaya takan yi wannan musaya ne idan ta ci karo da cikas wajen kwafe DNA. Bayan haka suka duba wata alama, ko ƙwaya tana ɗinkin DNA a lokacin da ba na rabuwa ba, suka same ta, a alade da kuma a ƙwayoyin mutane da aka samo daga naman da aka cire wa marasa lafiya a tiyata. Ƙwayar da ba ta shirin rabuwa amma tana ɗinki, yagewa take gyarawa.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda ake kira gwajin tauraro mai wutsiya. Ana binne ƙwayoyin a cikin wani kauri mai kama da daskararren kamu, a narkar da fatarsu ya rage DNA kaɗai, sannan a saki wutar lantarki mai rauni ta ratsa. DNA mai lafiya dunƙule yake, ba ya motsi. Wanda ya tsintsinke kuwa, gutsattsarinsa sai su bi wutar su miƙe gefe guda, idan aka haska a madubin bincike sai ka ga kai da jela. Tsawon jelar da haskenta su ne ma'aunin ɓarnar. Ƙwayoyin da aka ba okratoksin sun yi jela. Wani abu kuma ya fito da ya kamata a tsaya a kansa: ƙwayoyin da aka samo daga mutane daban-daban ba su amsa iri ɗaya ba. Na wasu sun tsintsinke, na wasu da kyar aka ga alama. Masu binciken sun karkata ga bambancin gado a wasu inzayim, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai a jiki, masu suna GST, waɗanda ke kama guba su ɗaure ta da wani sinadarin kariya mai suna gulutatayon a fitar da ita. Akwai mutane da yawa a duniya da aka haifa babu ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan inzayim. Ma'ana, 'yan gida ɗaya da ke cin tuwo a kwano ɗaya ba lallai ne ƙwayoyinsu su ɗauki nauyi iri ɗaya ba.

To, me ke tsinka zaren?

Don a gane wahalar amsar, sai a dubi aflatoksin, gubar fumfunar gyaɗa da masara wadda ta fi suna a ƙasashenmu. Ita shari'arta a bayyane take. Hanta tana juya ta zuwa wani sinadari mai saurin kamu, ya je ya manne wa harafin G kai tsaye, idan ƙwaya ta zo kwafe rubutun sai ta sa T a gurbin G. Har an san takamaiman wurin da take yawan bugawa, matsayi na 249 a kan TP53, sashen gadon da ke tsawata wa ƙwaya idan ta fara kaucewa. An kama ta dumu-dumu, kuma hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa ta a rukuni na 1, na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga mutum. Okratoksin kuwa a rukunin 2B aka ajiye ta tun 1993, wato mai yiwuwa ne.

Ɓangare na farko na masana, waɗanda Annie Pfohl-Leszkowicz ta Faransa da Richard Manderville na Kanada suka yi fice a cikinsu, sun ce ita ma okratoksin mannewa take yi. A bayaninsu, wasu inzayim suna cire mata kulorin, ta zama abu mai neman abin kamawa, ta kama G a kusurwar da ake kira C8. Sun nuna tabo a gwajin da ake yi da sinadarin fosfaras mai haske, kuma sun haɗa irin wannan mannewa a kwalba. Hujjarsu tana da armashi game da mafitsara musamman, domin tantaninta yana da wadatar inzayim irin waɗanda za su iya wannan juyi. Ɓangare na biyu, su Angela Mally da Wolfgang Dekant na jami'ar Würzburg a Jamus, sun ba ɓeraye okratoksin da aka yi wa alama da kabon mai haske, suka bi sawunta da na'ura mai tsananin gani, ba su same ta manne da DNA ba. Suka ce tabon da ake gani wataƙila na wani abu ne daban, ba gubar kanta ba.

Idan ba ta mannewa, ko kuma tana yi kaɗan ƙwarai, ta ina ɓarnar ke zuwa? Ni dai a nan na fi ganin nauyin hujja, kuma hanyoyin sun fi ɗaya.

Kowace ƙwaya mai numfashi tana fitar da tartsatsin oksijin, wasu 'yan gutsattsari marasa natsuwa da ke yi wa duk abin da suka taɓa irin abin da tsatsa ke yi wa ƙarfe. A cikin haruffa huɗun nan, G ne ya fi saurin tsatsa. Idan ya yi, sai ya manta abokinsa C ya riƙe A, a kwafi na gaba kuma rubutu ya canza har abada. Ƙwaya ta san da wannan haɗari, tana da mai gadi da ake kira Nrf2, wanda da ya ji tartsatsi ya yi yawa sai ya tayar da masu kashe gobara, ciki har da gulutatayon da inzayim ɗin GST da muka ambata. Abin da aka gani a ƙodar ɓeraye da ƙwayoyin faranti shi ne okratoksin tana ƙara tartsatsin, a lokaci guda kuma tana danne Nrf2. Ta kunna wuta, ta kuma rufe bakin rijiya. Shaidar wannan ta fito a gwajin tauraro mai wutsiya: idan aka ƙara wani inzayim mai yanke DNA a duk inda ya tarar da G mai tsatsa, jelar sai ta ƙara tsawo a ƙwayoyin da suka sha gubar. Masu gyaran DNA su kansu sai sun yanke zaren kafin su cire harafin da ya lalace, don haka wani kaso na tsinkewar da ake gani aikin gyara ne da aka fara ba a ƙarasa ba.

Akwai kuma batun rabuwa. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, sai ta jera kromosom ɗinta a tsakiya, wasu igiyoyi su ja rabi hagu rabi dama. Okratoksin tana dagula wannan jeri. Tana hana inzayim ɗin da ke sassauta ko ɗaure dunƙulen furotin da DNA ke naɗe a kansa yin aikinsu, sai ƙwaya ta maƙale a tsakiyar rabuwa. Wata ta mutu a nan. Wata ta koma da kayan ƙwaya biyu a ciki ɗaya. Masu duba ƙodar ɓerayen da aka ba gubar sun saba ganin ƙwayoyi masu ƙatuwar cibiya, alamar rabuwar da ta lalace. Ƙwayar da adadin kromosom ɗinta ya rikice, ko da babu harafi ɗaya da aka taɓa, ta riga ta hau hanyar da sankara ke bi. A ƙara da cewa gubar, saboda kamarta da fenilalanin, tana tare inzayim ɗin da ke ɗora wannan tubali wajen gina furotin. Masu gadi da masu gyara duka furotin ne. Ƙwayar da ginin furotin ya yi mata wuya, gyara ma zai yi mata wuya.

Abin da ya sa hukumomi suka damu da wannan jayayya a fili yake. Gubar da ke manne wa DNA kai tsaye, ana ɗauka ba ta da adadin da za a ce lafiya lau ne. Wadda ke bi ta bayan gida kuwa, ana iya tsammanin akwai iyakar da ƙwaya za ta jure. A 2006 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta karkata ga ra'ayi na biyu, ta ce nanogiram 120 a kan kowane kilo na nauyin mutum a mako abin jurewa ne (nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram). A 2020 ta sake zama, ta ce hujjojin ba su isa a kore yiwuwar mannewa ba, ta janye wancan adadi. Iyakar da Turai ta sa wa ɗanyen hatsi ita ce maikirogiram 5, wato nanogiram 5,000, a kilo ɗaya. Na ga hikima a janyewar nan, domin hukumar da ta ci gaba da riƙe lamba bayan ta daina amincewa da tushenta tana yaudarar mutanen da suka dogara da ita.

Amma kama da wane ba ta wane. Ƙwaya a faranti tsirara take, babu albumin mai yawa da zai riƙe gubar, babu laimar sama da za ta kare ta, kuma adadin da ake ɗiga mata ya fi abin da ake samu a fitsarin mutum nesa ba kusa ba. A babban gwajin shekara biyu da shirin binciken guba na Amurka ya wallafa a 1989, a ƙoda ƙari ya fito, kuma ya fi tsanani ga ɓeraye maza. Ba a mafitsara ya fito ba. Duk mai cewa okratoksin tana haddasa sankarar mafitsara ga mutum ya wuce inda hujja ta tsaya.

Akwai labarin da ya sa nake taka tsantsan da wannan magana. A shekarun 1950 likitoci suka bayyana wani ciwon ƙoda a wasu ƙauyuka da ke bakin rassan kogin Danub, a Bulgeriya da Sabiya da Kuroshiya da Bosniya da Romaniya. Yana kama manoma, gida-gida, ƙauye ɗaya ya kamu maƙwabcinsa ya tsira, kuma da yawan masu ciwon suna samun sankara a tantanin kwarmin ƙoda da bututun fitsari. A shekarun 1970 okratoksin ce ta zama babbar wadda ake tuhuma, saboda ƙodar mutanen ta yi kama da ta aladun Denmak, kuma an sami gubar a abincinsu da jininsu. Wannan tuhuma ce ma ta sa aka fara gwada ta a ƙwayoyin mafitsara. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A 2007 Arthur Grollman na jami'ar Stony Brook da abokan aikinsa na Kuroshiya suka nuna cewa a ƙodar masu ciwon akwai wata guba daban manne da DNA, asid ɗin aristolokik, daga wata ciyawa mai suna Aristolochia clematitis da ke fitowa a gonar alkama, 'ya'yanta su bi girbi a niƙe su cikin gari. Ta bar sa hannunta a TP53, inda A ke komawa T, irin canjin da ba kasafai ake gani ba. Yau yawancin masana sun yarda ita ce ummulhaba'isin ciwon. Ko okratoksin tana ƙara wa wutar fetur, wannan a buɗe yake. Kuma bari in saka wata magana a nan: dangin wannan ciyawa suna fitowa a ƙasar Hausa, akwai wanda ake kira duman dutse, ana kuma sha a matsayin magani. Ya kamata masu ba da shi da masu shan sa su san abin da danginsa ya yi wa ƙodar mutanen Danub.

Gubar dai tana cikinmu, an auna an gani. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Minna sun same ta a shinkafar jihar Neja. A wani bincike da aka wallafa a 2014, an gwada fitsarin mutum 120 a karkarar jihar Kaduna, manya da yara, okratoksin tana cikin gubobin fumfuna da aka fi samu, tare da na aflatoksin da fumonisin, wasu mutanen ma fiye da guda ɗaya a jikinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin mafitsarar da gubar ke tararwa a nan. Yaron da ya tashi yana wanka a kududdufi ko madatsar ruwa ya kamu da tsargiya, ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bangon mafitsararsa shekara da shekaru. Bangon ya kumbura, ya tsage, fitsari ya fito da jini, ƙwayoyin garkuwar jiki su yi ta watsa irin tartsatsin oksijin ɗin nan, ƙwayoyin tantanin kuma su yi ta rabuwa don cike gurbin waɗanda suka mutu. Tsargiya kanta a rukuni na 1 take wajen haddasa sankarar mafitsara. Laimar da ta kamata ta kare ƙwayoyin ƙasa ta huje, rabuwa ta yawaita, tsatsa ta riga ta yi yawa. Gubar da aikinta danne mai gadi da dagula rabuwa, irin wannan bango ne zai fi jin ta, kuma ya fi kama da ƙwayoyin farantin Dortmund fiye da mafitsarar lafiyayyen Bature. Wannan hasashena ne daga yadda abubuwan biyu ke aiki, kuma bincike ne da ya dace a yi shi a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, inda marasa lafiyar suke.

Kafin a kai ga nan, fumfunar tana da rauni guda da manomi zai iya kamawa, ba ta girma sai da laima. Hatsin da danshinsa ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka ba ya ba ta wuri. Matsala tana farawa ne daga masarar da aka cire damina ba ta gama ɗaukewa ba, da wadda aka shanya a ƙasa raɓa ta sauka a kanta, da buhun da aka jingina da bango ko aka ajiye a daɓe babu katako a ƙasa, da kuma ƙwarin da ke huda ƙwaya su buɗe wa fumfuna ƙofa. Akwai gwajin da malaman gona ke koyarwa: a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, ko buhu mai leda uku ba zai cece shi ba. Hatsin da ya dunƙule ko ya canza launi kuma, wanda aka saba tsincewa a watsa wa kaji, gubar tana bin sa zuwa ƙodarsu da hantarsu.